Abin da Na Koya wa Na'ura

Ƙarfe goman dare nake hawa bene na sha huɗu,
a Manila, inda sanyin ofis ke cizon ƙashi
alhali a ƙasa mai suyar ayaba na sharce gumi.
Sunana Luzviminda. A nan kuwa lamba ce ni,
tebur na saba'in da uku, gefen tagar da ba a buɗewa.

Aikina kiwo ne, sai dai ba ni da sanda.
Bidiyo dubu ke wucewa ta gabana kafin asuba,
in ce wa na'ura: wannan ya riƙe ido, wancan bai riƙe ba.
Ita kuwa ɗaliba ce mai haɗama,
ba ta mantuwa, ba ta hamma,
ba ta taɓa ce mini don me ba.

Na koya mata fushi ya fi dariya daɗewa a kan allo.
Na koya mata ɗan yatsa kan tsaya inda ake zagi
kamar ƙuda a bakin gyambo.
Ban ce mata alheri ne ba,
ban ce mata sharri ne ba.
Babu gurbin wannan a takardar da aka miƙo mini.

Shugabanmu, Mista Dimaculangan, yakan ce,
"Ba ma zaɓa wa kowa komai,
madubi kawai muke riƙewa."
Na yarda, don albashi na shigowa ran sha biyar ga wata,
kuma ciwon sukarin mahaifiyata ba ya jiran a gama gardama.

Sai daren da guguwa ta taso daga teku,
ruwa ya shigo Navotas ba sallama.
Maƙwabcinmu Crisanto, mai ɗinkin komar masunta,
ya hau rufin kwano da jikokinsa biyu,
ya ɗaga waya, hannu na rawa,
ya faɗi sunan layinmu sau uku,
a hankali, yadda dattijo ke magana.
Bai zagi kowa ba. Bai yi kururuwa ba.
Hoton duhu ne, ruwan sama ya cinye rabin muryar.

Mutum goma sha ɗaya suka gani.

A wannan daren birni ya zuba ido kan wasu mawaƙa biyu
da ke jifan juna da baƙar magana saboda zoben da ya ɓata.
Miliyan huɗu.
Ni ma na kalla lokacin hutu, ina cin shinkafa mai sanyi.
Har sau biyu.

Kwalekwalen wani mai kifi ne ya kwashe su da asuba.
Ba waya ce ta turo shi ba, kukan yarinyar ya jiyo.
Sun rayu, kada ku zaci makoki na kawo muku.
Crisanto ma bai ƙullaci kowa ba.
Da na je jaje, na iske yana shanya katifa a kan katanga,
ya ce, "Wataƙila ban iya ɗaukar hoto ba ne, 'yata."

Maganar nan ce ta raba ni da barci.

Don na san sikelin da ya auna muryarsa
ya ce ba ta da nauyi,
na kuma san wadda ta yi wata goma sha tara
tana nuna wa sikelin abin da ake kira nauyi.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Madubi kuwa, Mista Dimaculangan,
ko da ba ya ƙarya, ai wani ne ke juya shi.

Yau ma na dawo teburina.
Haya ba ta san lamiri ba.
Ga wata tsohuwa a kan allona, daga garin da ban san sunansa ba,
tana faɗin wani abu ƙasa-ƙasa cikin duhu.
Agogo ya ba ni daƙiƙa takwas.
Maɓalli biyu ne a gabana,
yatsana na shawagi a tsakaninsu,
yana laluben na uku.